Idan Aka Sallame Ka Daga Aiki Kana Gab Da Ritaya

Karatu: Farawa 31:36-42, Luka 16:1-8

Yau za mu yi magana a kan abin da ke hana gidaje da yawa barci. Mutum ya yi shekara ashirin da biyar ko talatin yana aiki a wuri ɗaya. Furfura ta fito, saura kaɗan ya yi ritaya. Sai ga sabon shugaba wanda bai san kan aikin ba. Albashi ya fara makara, ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Me wannan mutum zai yi? Me iyalinsa za su yi?

Na san wannan abu a gidanmu. Mahaifina ya yi shekara 27 a wata masaƙa a Kaduna. Wata safiya ya tafi aiki kamar kullum, ya tarar da ƙofa a kulle. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado, bai ce wa kowa kome ba har kwana uku. Mahaifiyarmu a bakin maƙwabta ta ji labari. Takardunsa na aiki kuwa suna cikin durowa a ma'aikata, ba shi da ko ɗaya a gida. Ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa. Abin da zan faɗa muku yau, shi ne abin da na so a ce wani ya faɗa wa mahaifina shekara biyu kafin wannan safiya.

Wannan ba sabon abu ba ne

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami dubban ma'aikatan gwamnati cikin 'yan watanni. A 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, ma'aikatan kuza na Bukuru da Barikin Ladi suka ji a jikinsu. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, unguwar Kakuri ta yi tsit. A 2005 aka harhaɗe bankuna daga 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa suka rasa gurbinsu. A 2013 aka sayar da kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa, aka sallami tsofaffin ma'aikata, waɗansu aka sake ɗaukarsu, waɗansu kuwa ba a ɗauke su ba.

Na kawo waɗannan domin ka gane cewa yawancin waɗanda abin ya shafa ba su yi laifin kome ba. Kada ka ce Allah yana hukunta ka ne. Kada kuma ka fara zargin wani a dangi cewa shi ya yi maka asiri. Kasuwa takan faɗi, gwamnati takan sake tsari, shugabanni sukan lalatar da wurin aiki.

Me ya sa abin ya fi yi wa mai shekaru zafi? Na farko, albashinsa ya fi na sabon ɗauka, don haka mai neman rage kashe kuɗi shi yake fara kallo. Na biyu, ɗan shekara 55 ba kasafai ake ɗaukarsa sabon aiki ba. Na uku, a wannan lokaci ne nawaya ta fi yawa: yara suna manyan makarantu, tsofaffi suna ƙauye, 'ya'yan 'yan'uwa suna gidanka, ginin da aka fara bai kai ga rufi ba.

Zama a ƙarƙashin shugaba marar kirki

Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 20. Cikin waɗannan shekaru Laban ya sauya masa lada har sau goma. Amma ku lura da yadda Yakubu ya amsa a ranar da suka fuskanci juna. Ya lissafta shekarunsa. Ya faɗi yadda ya kula da garke cikin zafin rana da sanyin dare, da yadda ya riƙa biyan dabbar da namun jeji suka kashe daga nasa. Laban bai iya kama shi da satar ko akuya ɗaya ba. Yakubu yana da abu biyu: hannu mai tsabta, da lissafi.

Idan wurin aikinka ya lalace, ga abin da ya kamata ka kiyaye.

Ka ci gaba da zuwa a kan lokaci, kana yin aikinka sosai. Wanda ya yi fushi ya fara makara ko fashi, ya ba shugaba sandar da zai doke shi da ita. Akwai bambanci babba tsakanin sallama domin rage ma'aikata da kora saboda laifi. Wanda aka sallama yana da haƙƙi. Wanda aka kora da laifi yakan rasa garatuti da sunansa mai kyau.

Kada ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce, ko da oga ne ya ce ka sa. Idan bincike ya zo, sa hannunka za a gani, ba a ganin umarnin baki. Idan an ba ka umarnin da ba ka gamsu da shi ba, ka roƙa cikin ladabi a rubuta maka.

Idan an ba ka takardar tuhuma, ka amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka. Ka faɗi abin da ya faru da kwanan wata, ba zagi, ba habaici. Ka riƙe kwafi.

Kada ka rubuta takardar barin aiki cikin fushi. Waɗansu shugabanni sukan matsa wa tsohon ma'aikaci da gangan, su yi ta canja masa wuri, su ɗora yaron da ya koya wa aiki a kansa, domin ya gaji ya tafi da kansa. In ya tafi da kansa, sun huta da biyan kuɗin sallama. Ka kwana a kan maganar, ka yi shawara da matarka da wanda ya san dokar aiki.

Kada ka ce tun da sun cuce ka, kai ma za ka ɗauki abin ma'aikata. Shekara talatin na gaskiya za ta iya lalacewa saboda jarkar mai ɗaya.

Tattara takardunka tun yau

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka samo jaka ɗaya a gida, ba a ofis ba, ka sa waɗannan a ciki: takardar ɗaukarka aiki, takardar tabbatar da kai, takardun ƙarin girma, takardun albashi musamman na watannin baya-bayan nan, katin shaidar aiki, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, lambar NIN, da lambar asusunka na fansho. Ka yi kwafi biyu, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Da yawa a cikinmu muna da sunan yare, da sunan baftisma, da sunan Hausa da malamin firamare ya rubuta mana. A banki an rubuta ɗaya, a fansho wani, a NIN wani dabam. Harafi ɗaya yakan riƙe kuɗin mutum wata da watanni. Gyara ya fi sauƙi tun kana cikin aiki, lokacin da ofis zai iya ba ka takardar shaida.

Abin da doka ta ce

Neman haƙƙi ba rashin bangaskiya ba ne. Lokacin da aka yi wa Bulus dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, aka so a sake shi a ɓoye, ya ƙi, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, domin shi ɗan ƙasar Roma ne. Shari'ar Musa ta hana a riƙe ladan ɗan ƙwadago ya kwana, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta ce kukan ma'aikatan da aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Ubangiji. Bari mu duba dokar ƙasarmu.

1. Sanarwa. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye, a ba shi sanarwar wata ɗaya kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗi a maimakon sanarwar. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, mako biyu. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata su duba abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce.

2. Rage ma'aikata. Sashe na 20 na dokar ya ce mai ma'aikata ya sanar da ƙungiyar ƙwadago dalilin ragewar da yawan mutanen da za ta shafa. Ƙa'idar ita ce wanda ya zo daga baya shi zai fara tafiya, amma ana duba ƙwarewa da amincin mutum. Dokar ta kuma bukaci a tattauna a kan kuɗin sallama. Ba ta yanke adadi ba. Adadin yana cikin yarjejeniyar da ƙungiyarku ta yi da ma'aikata, ko cikin littafin ƙa'idodin aiki. Ka nemi wannan littafi ka karanta.

3. Shekarun ritaya. A aikin gwamnati, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40, amma ka tambaya ko jiharku tana aiki da ita.

4. Fansho. A 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, aka sake gyara dokar a 2014. Kowane wata ana cire akalla kashi 8 cikin 100 daga albashinka, mai ma'aikata ya ƙara akalla kashi 10, a zuba cikin asusu mai sunanka a hannun kamfanin fansho. Hukumar PenCom ce ke sa ido. Wannan kuɗi naka ne. Ko ma'aikata ta rufe, ko ka canja aiki, yana nan. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan an biya albashi. A nan ne matsala take: waɗansu wuraren sukan cire daga albashi amma ba su zubawa. Ka je ofishin kamfanin fanshonka, ka karɓi bayanin asusu, ka gwada shi da takardun albashinka wata bi wata. In ka ga giɓi, ka rubuta wa ma'aikata. In ba su gyara ba, ka kai kuka PenCom. Ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma su sani cewa kowace jiha tana da tata dokar fansho, waɗansu kuma suna kan tsohon tsari.

5. Cire kuɗin fansho. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya karɓar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Wanda ya kai 50 yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Hanya biyu ce. Ko kamfanin fansho ya ci gaba da riƙe kuɗin yana biyanka, in ka rasu abin da ya rage ya koma ga magada. Ko a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka muddin ranka, amma abin da magada za su samu ya dangana ga shekara 10 na farko. Wanda ya zaɓi hanyar farko yana iya komawa ta biyu daga baya. Wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa. Saboda haka kada ka sa hannu a ranar da aka fara yi maka bayani.

6. Inda za a kai kuka. Ka fara da ƙungiyar ƙwadago. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi. Daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da rassa a Abuja, Jos, Kaduna, Yola da Makurdi da waɗansu garuruwa. Kada ka yi jinkiri, gama shigar da ƙara yana da wa'adi.

Ranar da aka miƙa maka takarda

Ka karɓa cikin natsuwa. Ba lallai ne ka sa hannu nan take a kan takardar da ta ce an biya ka dukan haƙƙinka ba. Ka ce za ka tafi da ita ka karanta. Ka nemi a rubuta maka lissafi dalla-dalla: bashin albashi, kuɗin hutun da ba ka tafi ba, kuɗin sanarwa, kuɗin sallama, garatuti in akwai, da fanshon da ba a zuba ba. Ka mayar da kayan ma'aikata, a ba ka shaidar cewa ka mayar. Kada ka manta da ajiyarka a ƙungiyar adashi ta ma'aikata. In ana cire maka kuɗin asusun gidaje na ƙasa, ka tambayi yadda ake mayar wa mutum.

Sa'an nan ka je gida ka faɗa wa matarka, ko mijinki, a ranar. Kada ka yi kamar mahaifina. Na ga maza da suke sa riga kowace safiya su fita kamar za su aiki, su je su zauna a gindin bishiya har yamma domin kunya. Wannan yakan kawo hawan jini. Ka tara manyan yara, ka faɗa musu gaskiya, ku yi lissafi tare.

Yadda za a riƙe kuɗin sallama

Cikin Luka 16 Yesu ya ba da misalin wani wakili da aka ce masa aikinsa ya ƙare. Mutumin ya dubi kansa, ya ga ba shi da ƙarfin haƙa ƙasa, yana kuma jin kunyar bara. Hanyar da ya bi ta ha'inci ce, ba ita aka yaba ba. Abin da aka yaba shi ne ya yi tunanin gobe tun bai fita daga ofis ba. Mu ma ya kamata mu zauna mu yi lissafi, amma cikin gaskiya.

A ce an biya mutum naira miliyan 4, gidansa kuwa yana cin naira 200,000 a wata. Wata 20 ke nan, in ba ciwo, ba kuɗin makaranta, farashi kuma bai tashi ba. Mun ga yadda farashi ya tashi tun 2023 da aka cire tallafin mai. Kuɗin da ya yi kama da tsauni a ranar farko, bai kai abincin shekara biyu ba.

Saboda haka, wata uku na farko kada ka yi wata babbar hidima da kuɗin. Ka biya bashin da yake da ruwa. Ka ware abincin shekara da kuɗin makaranta. Ka ware na magani, domin inshorar lafiya ta wurin aiki takan tsaya in aiki ya tsaya. Ka fara neman rufin kanka, ko ɗaki biyu ne, kafin mota.

Ka guji duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya. MMM ta rushe a ƙarshen 2016, CBEX ta rushe a 2025, mutane da yawa suka rasa ajiyarsu. Sau da yawa wanda zai kawo maka irin wannan magana ɗan'uwa ne da kuke sujada tare, shi ma ruɗinsa aka yi. Ka kuma yi hankali da mai cewa ka kawo dukan kuɗin a matsayin iri domin Allah ya buɗe maka hanya. Bayarwa ga Ubangiji da yardar rai ake yi, gwargwadon abin da mutum yake da shi. Allah ba ya sayar da albarka.

Kada ka zuba kome cikin sana'ar da ba ka sani ba. Mutum ya yi shekara talatin a ofis, ya sayi kaji dubu a rana ɗaya, cuta ta shiga, ya tashi ba kome. Ka fara da hamsin, ka koya. In noma za ka koma, kada ka dogara ga amfani iri ɗaya. A 2023 cuta ta cinye citta a Kudancin Kaduna, waɗanda suka shuka masara da wake a gefe su ne suka sami abin ci. Ka kuma je gida tun yanzu ka daidaita maganar gonar gado da 'yan'uwanka. Wanda ya yi shekara talatin a bariki bai leƙa gida ba, yakan tarar wani yana noma gonarsa.

Dangi za su zo, domin labarin kuɗi ba ya ɓoyuwa. Ku yanke da matarka abin da za ku iya bayarwa, ku tsaya a kai. Ka kuma rubuta wasiyya. Sa sunan mutum a matsayin makusanci a fom bai isa a ba shi kuɗin fansho ba. In babu wasiyya, sai iyali sun samo takardar rabon gado daga kotu, gwauraye da yawa sun sha wahala a nan.

Aikin ikkilisiya

Dattawa, in kun ji an sallami ɗaya daga cikinku, ku ziyarce shi a makon nan. Kada ku sa sunansa a jerin masu ba da gudummawar gini domin kun ji an biya shi. A kowace ikkilisiya akwai akawu, ko lauya, ko tsohon ma'aikaci da ya bi wannan hanya. Ku haɗa su su duba masa takardu. Zumuntar mata su kula da uwargida, gama ita ce take fuskantar tukunya. Ku kuma da Allah ya ba ku shugabanci a wurin aiki, ko a makarantun ikkilisiya da asibitocinta, ku biya albashi a kan kari, ku zuba fanshon ma'aikata. Kuna da Shugaba a sama wanda zai tambaye ku.

Kai kuma ɗan'uwa da abin ya same ka, darajarka ba ta cikin katin shaidar aiki. Kalibu yana da shekara 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai ya ci. Abin da ka koya cikin shekara talatin yana nan a kanka da hannunka, matasa suna bukatarsa. Ka gafarta wa shugaban da ya cuce ka, domin ɗacin rai kai zai ci, ba shi ba. Gafara ba ta hana ka bin haƙƙinka. Yakubu ya faɗa wa Laban gaskiya, sa'an nan suka ci abinci tare suka rabu lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Ina takardun aikin maigida ko uwargida suke? Wa ya san wurin?
2. Yaushe rabon da a karɓi bayanin asusun fansho?
3. In albashi ya tsaya yau, wata nawa gidanmu zai iya ci?
4. Wa muka sani da aka sallama, wanda za mu ziyarta a makon nan?

Addu'a

Ya Uba, ka san kowane gida da yake cikin fargaba a daren nan. Ka ba ma'aikata haƙuri da hikima, ka ba shugabanni tsoronka. Ka buɗe hanya ga waɗanda aka riƙe wa haƙƙinsu. Ka riƙe iyayenmu cikin tsufansu, kada su kunyata. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.